Labulen da Na Ja Don Ciwon Ido Ya Zama Abin Tsoro a Kamfani

Gwaggo, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ba ni da wanda zan zazzage wa cikina. Maigidana ya gaji da jin zancen. Da na ce "ofis" sai ya fara laluben rimot, kuma ban ga laifinsa ba, ni kaina na gaji da jin muryata.

Ni mace ce, na haura arba'in, ina da yara uku. Kwanan baya aka ɗauke ni babbar manaja a wani kamfanin ɗinki, inda ake ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti. Kafin nan na daɗe ina mataimakiya a wani wurin, ni ke yin aikin wani ya karɓi yabon. Saboda haka da wannan dama ta zo, na yi murna har da hawaye. Yayana ya kira ni ya ce in kula, sunan da mutum ya yi a farkon zuwansa shi ke binsa har ya bar wurin. Maigidana ya ce kada in cika fara'a, a raina ni. Ƙawata ta ce kada in cika ɗaure fuska, a tsane ni. Na shiga kamfanin ban san wace fuskar zan sa ba.

Bari in kwatanta miki wurin, don a nan matsalar take. Ƙasa babban ɗaki ne, kekunan ɗinki jere layi-layi, teburin yanka a gaba, masu guga da masu sa maɓalli a can baya kusa da sito. Ofishina yana sama, ana hawa da matattakalar ƙarfe mai ƙara, kuma bangonsa na gaba gilashi ne tun daga sama har ƙasa, yadda na ciki yana ganin kowa, kowa ma yana ganinsa. A jikin gilashin akwai wani labule mai kauri, ruwan toka.

Ni kuma ina da ciwon ido da na daɗe ina lallaɓawa. Haske mai ƙarfi yana tayar min da ciwon kai na ɓari ɗaya, irin wanda har amai yake sa ni. Rufin ɗakin ɗinkin yana da fararen kwano don haske ya shigo wa teloli, to da rana ta ɗaga sai hasken ya daki gilashin ya dawo daidai fuskata. Tun ranar farko na tashi na ja labulen. Ban yi tunanin komai ba. Washegari ma na bar shi a rufe, haka na ci gaba kullum, tun safe har a tashi.

Na dai lura da wasu abubuwa, amma na fassara su yadda raina yake so. Ana zuwa aiki da wuri. Ba a hira a kan keke. Idan na sauko, har rediyon masu guga sai a kashe. Na gai da mutum, ya amsa idonsa na kan allura. Ba wanda ya taɓa hawowa sama sai mataimakina, wani dogon mutum da kowa ke ce wa Dogo, wanda na ji an ce ya so a ba shi kujerar da nake kai. Shi ma in ya shigo sai ya kalli labulen ya yi ɗan murmushi ya ce komai lafiya lau a ƙasa. Na ce a raina ashe ina da kwarjini ban sani ba. Kunya ma nake ji yanzu in na tuna yadda na riƙa ba maigidana labari ina fankama.

Mai kamfani ya ji daɗi ƙwarai. Dattijo ne mai son a gama aiki a kan lokaci, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ya kira ni ya ce bai taɓa ganin wurin ya nutsu haka ba, kayan da ake fitarwa sun ƙaru, makara ta ƙare. Har a gaban wasu abokan cinikinsa ya nuna ni ya ce, "Wannan ba ta magana, amma aiki na tafiya." Gwaggo, ki fahimce ni, ban taɓa samun irin wannan yabon ba tun da na fara aiki.

Sai ga abin da ya faru da Uwar Biyu. Tela ce a layin fararen riguna, tana da tagwaye, shi ya sa ake kiranta haka. Wata rana da azahar na ji kekuna sun tsaya gaba ɗaya, na ɗaga labule na leƙa, na ga an taru. Ashe jiri ne ya ɗebe ta a kan keke, allura ta huda yatsarta, jini ya ɓata rigunan da ke gabanta. Na sauko da gudu, na sa aka ɗauke ta zuwa motata, ni na kai ta asibiti. Likita ya ce jininta ne ya hau sosai, kuma ta daina zuwa a duba ta, maganinta ma ya ƙare ba ta karɓo wani ba.

Da ta dawo hayyacinta ta gan ni a bakin gadon, abin da ta fara tambaya shi ne ko takardar tata ce na kawo. Na ce wace takarda. Ta ce ta sallama. Ta roƙe ni in bari wata ya ƙare tukuna saboda yaran. Na zauna na yi ta tambayarta a hankali, tana ba ni amsa tana kallon bango, har na gane komai.

Manajan da na gada, wanda a ɓoye suke ce wa Almakashi, bai taɓa jan labulen nan ba sai in zai kori mutum. Labule a buɗe yake kullum yana kallon kowa kamar mai gadin gona. Ranar da aka ga ya ja shi, to an san kafin a tashi wani zai hau matattakala ya sauko da takarda a hannu. Shekara da shekaru haka suke karanta gilashin nan. Duk wanda ya shigo da safe, kafin ya ajiye jaka sai ya ɗaga kai ya duba. Ni kuma na zo na ja shi tun ranar farko, ban sake buɗewa ba. Sai suka yanke cewa an kawo ni ne in rage ma'aikata, ina ciki ina tace waɗanda za su tafi. Uwar Biyu ta ce ranar asibitinta ta zo ta wuce har sau nawa, amma wa zai nemi izini a irin wannan lokacin ya tuna wa mai labule da kansa. Ta ce sunana a ƙasa Madam Labule.

A mota na zauna na kasa tayar da ita. Raina ya ɓaci, kuma na ji kunya. Duk kwarjinin da nake taƙama da shi ashe na wani ne, na tarar da shi a rataye na ja.

Na tambayi Dogo me ya sa bai gaya min ba. Ya ce ya ɗauka na sani, ya ɗauka dabara ce, har yana yaba min a ransa. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Shawararsa ita ce in yi shiru in bar abin yadda yake. Ya ce mutanen nan ya san su, ranar da suka ji ciwon ido ne kawai, dariya za su yi, washegari a koma makara da hira da sauraron wasan kwaikwayo a rediyo. Ya ce mace a wannan kujerar in ba a tsoronta to ta shiga uku. Ya kuma shaida min, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa babban mai yankan yadinmu ya fara neman aiki a wani wurin.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne kiran da mai kamfani ya yi min bayan haka. Rigunan da suka ɓaci sun sa odar wani asibiti ta makara, an yi masa ƙorafi. Ya ce Uwar Biyu dama hannunta ya yi sanyi, ga rashin lafiya, ga ɓarna, in sallame ta. Ban gaya masa zancen labulen ba, amma na lura Dogo ya riga ni, don mai kamfanin ya ce min cikin raha wai in aka yi ta wasa wuƙa ba a yanka komai, mutane za su gane ba ta da kaifi. Ya ce wannan ce damar da zan nuna ko ni wace ce. Kuma har yanzu ina cikin lokacin gwaji, ba a tabbatar min da kujerar ba.

Uwar Biyu za ta dawo aiki farkon mako. Ina da zaɓi biyu, duka ba na son su. In na kore ta, sunan ya tabbata, mai kamfani ya gamsu, ni kuma in riƙa tuna fuskarta a gadon asibiti. In na ƙi, na buɗe labule na faɗi gaskiya, wataƙila aiki ya ja baya, a ce dama sa'a ce, in koma gida in sake neman aikin mataimakiya. Yayana ya ce shugabanci ba tausayi ba ne. Maigidana ya ce in yi abin da zai bar ni in yi barci, alhali shi ne farkon wanda zai tambaye ni yadda za a yi da makarantar yara.

Na gaji, Gwaggo. Kullum ina zaune a ɗaki mai duhu, ina jin ƙarar kekuna a ƙasa, na san duk wanda ke taka keken nan tsorona yake ji, kuma ban yi masa komai ba. Jiya na kama labulen zan buɗe, na tsaya riƙe da shi, sai na sake shi na koma na zauna. Me zan yi?

Taki,
Mai Ciwon Ido

Ƙanwata Mai Ciwon Ido,

Sannu. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, kuma ban ga tsawonta ba. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ki kori matar nan. Ta daina zuwa asibiti saboda tsoron abin da ke ba ki ma san kina yi ba. Ba ki da laifin abin da ya wuce, don ba ki sani ba. Amma yanzu kin sani, kuma duk abin da kika yi daga yau da saninki ne.

Ban ce yayanki da Dogo ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Wurin aiki yana buƙatar tsari, makara da hira suna cin kamfani, kuma mace a kan kujera ana gwada ta fiye da namiji, wannan na sha gani. Mai kamfani ma ba mugu ba ne don yana son odarsa ta fita a kan lokaci. Tsoron da kike ji na rasa aikin kuma ba ragwanta ba ce, mai yara uku dole ta yi wannan tunanin.

Sai dai ki dubi abin da ake so ki riƙe. Shi kansa mai kamfani ya faɗa miki yadda abin yake: irin wannan tsoron sai ana ciyar da shi. Yau Uwar Biyu ce. Bayan wata biyu in an fara sakin jiki, za a nemi wani. Ke da kika kasa tayar da mota saboda mace ɗaya, ba za ki iya wannan rayuwar ba, kuma bai kamata ki koya ba. Sannan ki lura da abin da tsoron ya riga ya ci. Tela ta ɓoye ciwo har ta faɗi a kan fararen riguna. Mai yankanki yana shirin tafiya, kuma a irin wannan yanayin gwanaye ne ke fara tafiya don su ke da inda za su. Wane ne ya san abin da ake ɓoye miki yanzu haka? Keken da ya fara lalacewa, yadin da aka yanka ba daidai ba, duk ba mai hawowa ya gaya miki. Manajar da ba a kawo mata mugun labari da wuri, a bakin abokan ciniki take jinsa.

Ki fara da mai kamfani, kafin Uwar Biyu ta dawo, ke da shi kawai, ido da ido ba ta waya ba. Kada ki je da roƙo ko da zancen tausayi, ba yarensa ba ne. Ki yi masa maganar kamfaninsa. Ki ce odar ta makara ne saboda an kai matsayin da ma'aikaci ba ya iya neman izinin awa biyu, kuma in aka kori matar da ta faɗi a bakin aiki, mai yanka zai tafi, wasu su bi shi. Ki gaya masa zancen labulen da bakinki, ko da ya riga ya ji. Sannan ki ɗauki alkawarin abin da ya dame shi: lokacin shigowa yana nan, odar za ta riƙa fita a kan lokaci, ya auna ki da wannan. Ya ce ki nuna ko ke wace ce, to a gabansa za ki fara nunawa.

Ba zan yaudare ki ba, yana iya ƙin ji. Yana iya tsallake ki ya sallame ta da kansa, yana ma iya fasa tabbatar miki da kujerar. Ban da ikon cire miki wannan haɗarin. Abin da na sani shi ne yawancin masu dukiya sun fi sakin jiki da manajan da ya iya ce musu a'a da hujja, ko da ransu ya ɓaci a ranar. In kuma ya zama shi ba irinsu ba ne, gara ki sani yanzu da ki sani bayan kin kori mutum biyar.

Game da labulen, kada ki tara taro ki tsaya kina ba da haƙuri, wannan ne zai jawo dariyar da Dogo ke faɗa. Ki sa a juya teburinki ya ba gilashin baya, ko a manna masa baƙar leda mai rage haske, sannan ki je wurin likitan ido a yi miki tabarau, kin lallaɓa ciwon ya isa haka. Ki sa a sauke labulen gaba ɗaya da rana tsaka kowa na gani. In an tambaya, ki faɗa a taƙaice: idona ne ba ya son haske, ban san ma'anarsa a nan ba. Kafin a tashi magana ta zagaye ɗakin, ba sai kin ƙara komai ba.

A ranar kuma ki sauko ki faɗi dokokinki da bakinki, kaɗan, waɗanda za ki iya tsayawa a kansu. Lokacin shigowa bai canja ba. Mai zuwa asibiti ya faɗa tun da wuri, a ba shi izini, kowa da kowa ba Uwar Biyu kaɗai ba. Wanda ya yi ɓarna ya faɗa da kansa, hukuncinsa ya fi sauƙi a kan wanda ya ɓoye. Za a gwada ki, ki sa rai da haka. Wani zai makara don ya ga abin da za ki yi. Ki hukunta shi daidai laifinsa, ba ƙari ba ragi, ko da kuwa shi ne ya fi kowa iya gaisuwa. Rediyon masu guga kuwa ki bar musu abinsu, bai taɓa ƙona riga ba.

Uwar Biyu in ta dawo, ki same ta a kan kekenta ki duba yatsar, ki tambaye ta ranar komawarta asibiti. In hannunta ya yi sanyi da gaske, ki mayar da ita aikin da ya fi sauƙi har ta murmure. Mai yanka ma ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye ko zai tsaya. Dogo kuwa kada ki mai da shi abokin gaba, ba ki da tabbacin niyyarsa. Amma ki daina barin labarin ƙasa yana zuwa miki ta baki ɗaya, kuma ki gaya masa cikin ruwan sanyi cewa maganar ofishinki ke za ki riƙa kai wa mai kamfani.

Yayanki ya ce sunan farko shi ke bin mutum. To naki bai gama yiwuwa ba. Madam Labule sunan aro ne, ba ki yi komai aka ba ki shi ba. Abin da za ki yi da matar nan farkon mako shi ne abu na farko da za su gani daga gare ki, kuma da shi za su kira ki. Aiki zai iya ɗan ja baya kafin ya daidaita, kada wannan ya firgita ki. Ki dai kasa kunne ga matattakalar ƙarfen nan mai ƙara. Ranar da kika ji takun wani yana hawowa, ba Dogo ba ne kuma ba ke kika kira shi ba, ya zo ya gaya miki abin da ya lalace, to ranar kika zama manajar wurin.

Allah ya ba ki lafiyar ido da kwanciyar hankali, ya ba Uwar Biyu sauƙi, ya raya muku yaran duka.

Gwaggonku